Rakiyar Baba Cleophas

"Ki gaya wa Narcisse mai ganga kada ya yi sauri," in ji Baba Cleophas. "Gawa ba ta gudu. Shekara talatin ina faɗa masa, kunnen ƙashi gare shi."

Zenobia ta goge masa baki da tsumma. "To, sarkin iko. Kana kwance ma sai ka ba da oda."

Bangon katako ne ya raba ɗakunansu a unguwar Treme, irin wanda in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu. Shekara ashirin da biyu tana tsine wa tubarsa, ƙaton ƙahon tagullan nan da ke sa kwanukanta rawa. A zamaninsa mutum goma yake jagoranta, suna kiɗan jaz a jiragen ruwa da gidajen rawa. Sai aka ce an daina yayin tuba. Daga baya haƙora suka zube, mai busa kuwa in ba haƙori sai kallo. Buri ɗaya ya rage masa: tunda ya raka gawa sama da ɗari uku da busa, yana so shi ma a raka shi haka.

"Kin yi alkawari, Zenobia."

"Na yi. Sha romon nan ka ƙyale ni."

Ranar Laraba da tsakar rana ya cika. Zenobia ta ajiye wankin mutane, ta bi lungu-lungu da kumburarrun ƙafafunta tana neman makaɗansa na da. Wasu sun mutu, wasu sun tafi Chicago. Da ƙyar ta haɗa biyar.

Safiyar Asabar suka jeru a ƙofar gida da baƙaƙen huluna, kowa ya goge abin kiɗansa. Sai ga Verlie, 'yarsa tilo, da ta iso daga Baton Rouge ranar Juma'a da dare, ta fito cikin farar rigar cocinsu.

"Su wane ne waɗannan?"

"Mutanen babanki ne, 'yata. Rakiya suka zo."

"Ba za a yi wa ubana kiɗan mashaya ba, Inna Zenobia. A cocinmu ba a yi."

"Da bakinsa ya roƙa. Waƙoƙin coci ma za su busa a hanya, a hankali. Ko ɗaya ce, ki bari."

"Ranar da uwata ta mutu yana ina?" in ji Verlie. "Yana cikin jirgi yana busa wa Turawa suna tsalle. Ni na rufe mata ido, ina 'yar shekara tara. Kiɗan nan ya cinye shi da ransa, ba zan ba shi gawar ba."

Zenobia mai bakin da ko ɗan sanda ke shakka, ranar nan ta san yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Ta kama hannunta, ta durƙusa a kan matakala. Verlie ta zare hannunta a hankali, ta koma ciki.

"Ku busa kawai!" Zenobia ta ce wa tsofaffin tana kuka. "Wa zai hana ku? Titi na kowa ne!"

Narcisse ya cire hula. "Ba a yi sai dangi sun yarda. Shi kansa Baba da ba zai yi ba."

Haka aka fito da shi. Zenobia ta san ta ci amanar mamaci, kuma babu ranar gyara. A unguwar nan ganga ce ke sanar da mutuwa, da an ji ta ake fitowa. Tunda ba a ji komai ba, ƙofofi suka zauna a rufe, motar gawa ta wuce kamar ta kai kaya.

Tsofaffin biyar suka bi ta a baya da takun nan na jana'iza, ƙahoninsu a hammata. Narcisse na ƙarshe, ya dafe fatar gangarsa da tafin hannu, don kada gwiwarsa ta buge ta ta yi ƙara.