Farar Motar da Ta Kawo Sinima

Bayan azahar wata farar mota ta shigo ƙauyen ta hanyar Abu Hujar, da lasifika ɗaure a kanta. Tana zagayawa ana shela da Larabci: yau bayan magariba akwai sinima kyauta a filin makaranta, kowa ya zo, musamman samari.

Baba Audi na zaune ƙofar gida ya ji. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin motar sinimar gwamnati ƙauye-ƙauye a yankin Jazira, yana nuna wa manoma feshin auduga da yadda ake kauce wa tsargiya, a ƙare da fim ɗin Indiya. Daga baya ya riƙe na'ura a wani gidan sinima marar rufi a Sinnar, har aka kulle shi aka mai da shi ma'ajiyar albasa. Tun da yaƙi ya ɓarke kuwa, ko rediyo mutane a hankali suke kunnawa. Ya ɗauki sandarsa ya nufi filin.

Mutum huɗu ya tarar suna ɗaura farin ƙyalle. Babbansu, wani mai baƙin tabarau, ya tare shi da fara'a.

"Ya Hajj, an ce kai ne tsohon mai sinima. Ya ka ga aikinmu?"

Audi ya duba. Sun ɗaura ƙyallen ta yadda masu kallo za su zauna tsakanin katangar makaranta da babbar magudanar ruwan gona, motar kuma ta tokare hanya ɗaya tilo ta fita. Babu janareta, babu wayar lantarki ko taku ɗaya. Akwatin da suka ce na'ura ce mutum biyu suka sauke shi da nishi. Can bayan itatuwa ya hango babbar mota lulluɓe da tamfol.

"Tamam, ya yi daidai," in ji Audi. "In ga na'urar?"

"Sabuwa ce, ba za ka gane ta ba. Samari nawa ne a garin nan?"

"Ido ya mutu, ɗana. Ban iya ƙirga."

Ya koma gida a hankali, bai waiwaya ba. Ya sami 'yarsa Ibtisam tana kaɗa miya.

"Ina mijinki?"

"Muzammil na gona, Baba. Lafiya?"

"Ki aika kada ya dawo. Waɗannan ba kallo suka kawo ba, ɗiban mutane suka zo yi su kai yaƙi."

Ta sauke tukunyar, ta ja mayafi ta fita kamar mai neman aron gishiri. Daga gida zuwa gida maganar ta bi mata. Kafin rana ta faɗi, duk mai ƙarfi a jika ya shige cikin dawa.

Bayan magariba tsofaffi ashirin da 'yan kai suka zauna gaban ƙyallen, Audi a sahun farko. Mai tabarau ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ina samarin?"

"Yaran yanzu a waya suke kallonsu," in ji Audi.

Mutumin ya yi dariya, ya sa aka naɗe ƙyallen. Sannan ya dafa kafaɗar Audi. "Za ka raka mu, ya Hajj. In mutane suka ji muryar tsohon mai sinima, za su fito."

Ibtisam na tsaye suka tura shi gidan gaban motar. Ko takalminsa ɗaya bai samu ɗauka ba.

Kwana biyar babu labari. A na shida wani mai amalanken jaki ya kawo Audi, leɓensa a kumbure, ya ce a bakin hanyar Dindir ya tsince shi. Sai da Audi ya sha kunu ya huta kafin ya iya magana.

"Lasifikar suka ba ni, wai in kira mutane da yarensu. Sai na ce da Hausa, tun da su ba su jin ta: sinimar nan tarko ce, kowa ya gudu. Ƙauye biyu filin ya zama wayam. Suka soma zargina."

"Na ukun fa, Baba?"

Ya ajiye kwanon kunun.

"Na faɗa, har sau uku na faɗa. Tsofaffi duk suna jana'iza a wani gari. Yaran can ba su jin Hausa sosai, Ibtisam. Kalmar sinima kawai suka kama. Su goma sha bakwai, har da tabarminsu suka zo."