Farin da Ruwa Ba Ya Wankewa

Gide mai zanen soro ya rasu ranar Talata da hantsi a Sheme, gab da daminar 1956, bai faɗa wa kowa abin da yake zubawa cikin shafensa ba. Maƙwabcinsa Nata'ala magini na tsugune a ƙofar ɗakin har rai ya fita.

Adama, matar Gide, ta san abin da ya tsugunar da shi. Shekaru Gide na neman farin da ruwa ba ya wankewa, don zanensa ya daina zuba duk damina. Ya raba bangon gabas na gidansa gida-gida kamar dara, kowane da nasa haɗin: farar ƙasar Kankara da makuba ta ɓawon ɗorawa, wani da toka, wani da ƙaro. In ruwa ya buga, ya fita ya duba. Gida ɗaya ne ya tsaya bai zuba ba, kuma Adama ce ta daka kayansa.

Tun da rani Nata'ala ya ari tukunya guda ta haɗin, ya kai wa dagaci, ya ce nasa ne, Gide kuwa idonsa ya mutu. Aka ba shi shafen zauren dagaci. Tukunyar ta ƙare a rabin bango, ya ƙarasa da kirdado.

"Malam Gide, don Allah, mi ka ƙara bayan makuba?" Nata'ala ya tambaya da safiyar Talatar nan.

Gide ya buɗe ido da ƙyar. "Ba haɗinka ba ne? Ni makaho, ina na ga abin da na zuba?"

Bayan an kai shi makwancinsa, Nata'ala ya dawo ya tsaya bayan zana.

"Goggo, hannunki ya daka. In zauren ya zuba, na gama gini a ƙasar nan."

"Na daka," in ji Adama.

"To bari in ɓanɓari kaɗan a bangon, in ɗanɗana."

"Ka zo gobe."

Da la'asar ta ɗauki fartanya ta kankare gidan nan ɗaya na jikin bangon har jar ƙasa ta fito. Ta tattara garin a faifai, ta sheƙe shi a bayan gidanta, iska ta kwashe.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Daga tsakar gidanta tana hango zauren dagaci, fari fat daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba a gane inda tukunyar ta ƙare.