Rigar da Ba Ta da Mai Ita

"Ba zan yanka ba, Kawu."

Alhaji Mamuda ya tsaya da hannu a sama, 'yar shuɗiyar rigar nan tana reto a yatsunsa. Ya dubi ƙanwarsa Dada, wadda ke durƙushe bakin murhu, sannan ya sake duban 'yarta.

"Mi kika ce?"

"Na ce ba zan yanka ba," in ji Safara'u. Ta ɗan ɗaga murya, don ta zaci bai ji ba ne.

Idonta yana kan wuyan babbar rigarsa, inda aikin ya karkace da kusan rabin inci. Ba ta iya kallon fuskar mutum tana kuma jin abin da yake faɗa. Tun tana ƙarama haka take, an yi faɗa an gaji.

Shekarar ce da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, kuma kyauta. Kuɗi sun yi yawa a ƙasa, kwangila ta zama abin yayi. Alhaji Mamuda, wanda shekara uku baya sayen auduga yake yi a kasuwar Ƙanƙara, yanzu mota gare shi har da direba. Shi ya samo kwangilar ɗinka wa 'yan matan sabuwar makarantar Ƙetare riguna tamanin. Da safiyar nan ya sa aka sauke bandir huɗu na shuɗin yadi a tsakar gidan ƙanwarsa, da keken ɗinki na ƙafa sabo fil, baƙi mai zanen ruwan zinariya. Sharaɗinsa ɗaya: riguna tamanin kafin a buɗe makaranta, mako uku ke nan, keke ya zama na Safara'u har abada.

"Ga samfur daga ofis," ya ce a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Ki shimfiɗa, ki zana, ki yanka. Sau tamanin. Mi ya fi wannan sauƙi?"

"Rigar wa ce?"

"Wace?"

"Wadda ke hannunka. Jikin wa aka auna?"

"Yo ba ta kowa ba ce. Samfur ce."

Safara'u ta ƙura wa rigar ido. Ta juya maganar, ta rasa ta inda za ta kama ta. Riga dai an yi mata wuya da hannu biyu, an ce kuma ba ta da mai ita.

"'Yan aji ɗaya ne," in ji Alhaji. "Duk 'yan shekara shida. Haka takarda ta ce."

"To ka ba ni sunayensu in auna su."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Da ya ga ita ba dariyar take ba, sai tasa ta ɗauke. Dada tana ta yi mata wani abu da ido da baki, Safara'u ta gani, amma ba ta san ko cewa ake ta yi shiru ko ta kawo wa baƙo ruwa ba. Ta tashi ta kawo ruwan.

"Juma'a zan dawo," ya ce bai ko taɓa kwanon ba. "In iske arba'in a yanke. Dada, ki yi wa ɗiyarki magana."

Shekarun Safara'u ashirin da huɗu. Ta gama firamare da lissafi mafi kyau a ajinsu, amma ba ta taɓa yin ƙawa ba. Gidan biki yakan sa ta toshe kunne ta shige bayan rumbu. An ce iska ce, an ba ta rubutu ta sha, an yi mata turare, ba abin da ya canja. Ta yi aure wata bakwai ta dawo. Mijin bai zage ta ba, cewa kawai ya yi zama da ita kamar zama da baƙuwa ne. Da ta dawo ta sayar da awakinta biyu ta sayi tsohon keken hannu, ta kafa shi a ɗakin da ubanta ya bari. Shekara uku ke nan tana ɗinki. Matan Ƙetare suna cewa ba ta iya gaisuwa ba, amma rigarta ba ta matse hamata. Duk wadda ta taɓa aunawa, awon yana kanta ko bayan shekara nawa.

Da Kawu ya tafi ta zauna a gaban sabon keken ta taka. Sautinsa ɗaya ne, ba gargada, yana tafiya kamar ruwa a indararo. Hannuwanta biyu suka sami 'yanci a kan ƙyalle. Ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ta so keken nan ba.

Sai ta ga ai maganar mai sauƙi ce. Kawu bai ba ta sunaye ba don ba shi da su. In ta samo, shi ke nan.

Washegari ta yafa gyale, ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta nufi makaranta. Ginin ko fenti ba a gama ba, kwanon rufin yana ƙyalli har yana sa ta runtse ido. Ta iske hedimasta, Malam Zailani, yana jera benci. Ta karanto masa gaisuwa yadda Dada ta koya mata, a jere, ba ta jira amsa ba, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya buɗe mata rajista. "Ga su nan. Kwafe."

"Malam, duk shekarunsu shida?"

"Duk shida," ya ce, ya yi wani murmushi. "Har wadda ta kusa kai ki tsawo."

"To ai ba shida ba ce."

"A rajista shida ce, Safara'u. In na rubuta sha ɗaya, ba za a ɗauke ta ba."

Ta kwafe sunayen tana mamakin abin murmushi a ciki.

Kwana huɗu tana bin gidaje cikin caɓin damina. Wannan ya fi mata ɗinkin riga ɗari wuya. Kowane gida da ƙarar turminsa da kukan jariransa, kowace mata sai ta tambaye ta ina Dada, ina gajiya, yaushe za a sake aure. Takan dawo ta kwanta ta rufe kai da zane har sai kunnuwanta sun daina ƙugi. Amma ta auna su duka. 'Yan shekara shida na gaskiya ba su kai talatin ba. Sauran duk yaran da aka daɗe ana riƙewa a gida ne, mai gari ya matsa aka sako su. Suwaibatu, ɗiyar Rabo maƙeri, kanta ya kai kafaɗar Safara'u.

"Ki sakar mata ita har ƙasa, don Allah," in ji uwar Suwaibatu tana rage murya. "Da ƙyar ubanta ya yarda. Ya ga ƙwauri a waje, an gama."

Da rigar Suwaibatu Safara'u ta fara. Kafin Juma'a ta ɗinka sha ɗaya, kowace ta saƙa mata sunan mai ita da farin zare a cikin wuya.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Alhaji ya shigo yana ƙamshin turare. Ta shimfiɗa masa rigunan a tabarma, daga babba zuwa ƙarama. A ranta tana jiran ya ce madalla.

"Kawu, yadin ba zai isa ba. Sai an ƙaro bandir biyu. Ga awon kowa a takarda."

Ya ɗaga rigar Suwaibatu, ya ɗaga samfur, ya haɗa su. Samfur ko rabin ɗayar ba ta rufe ba.

"Wannan mi ce? Ta amarya?"

"Ta Suwaibatu ce."

"Ke, saurara. Mutumin ofis zai zo da irin wannan samfur a jakarsa. Zai ɗora a kan kowace riga. Wadda ta fi, ya ce an yi ɓarna. Wadda ta gaza, ya ce an yi ha'inci. Tamanin yake so, iri ɗaya."

"Shi zai sa?"

"Safara'u!" Dada ta daka mata tsawa.

Ba ta san abin da ta faɗa na laifi ba. Tambaya ta yi, kuma amsa take jira.

Alhaji ya ja numfashi ya zauna a kan turmi. Ba mugu ba ne. Tun rasuwar ubanta shi ke aiko musu da buhun dawa uku duk kaka.

"Akwai teloli goma a Funtuwa masu roƙona aikin nan," ya ce. "Na ce a'a, ɗiyar ƙanwata tana nan, Allah ya ba ta hannu, bari in tsayar da ita da ƙafarta. Waɗannan sha ɗayan na yafe. Sauran yadin ki bi samfur. Gobe da safe in ji amsa."

Da ya fita Dada ta shigo ɗakin ɗinki, ta zauna a ƙasa, abin da ba ta saba yi ba.

"Ɗiyata, ba ni da wani ɗan'uwa sai shi. Ki yanka mashi. Wadda ba ta shiga ba, uwarta ta ɗaura mata zane a kai. Ba ke kika yi samfur ba, ba ke za a tambaya ba."

"To wa za a tambaya?"

"Ba kowa. Haka ake yi yanzu."

Safara'u ta gwada, Allah ya sani ta gwada. Bayan la'asar ta shimfiɗa yadi, ta ɗora samfur, ta zagaye ta da alli. Ta ɗauki almakashi ta buɗe bakinsa. Sai suna na sha biyu ya faɗo mata: Khadijatu ta gidan liman, kafaɗa inci sha uku. Samfur inci tara ce. Ta ga hannun yarinyar ya maƙale a sama, kai a cikin riga, tana neman hanyar fita. Ta ajiye almakashin, ta taka keken ba zare, ta saurari sautinsa, ta sake ɗauka. Har aka kira magariba zanen allin yana nan yadda yake. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, kowa ya san rigar ba za ta shiga ba. Hedimasta ya sani, Dada ta sani, Kawu ma ya gani da idonsa. Amma duk ita suke kallo kamar ita ce ba ta gane ba.

Da safe Alhaji bai shigo ba, daga zaure ya tsaya.

"To?"

"Na gwada, Kawu. Ba zan yanka ba."

Ya juya ya yafito da hannu. Direbansa da wani lebura suka shigo suka ɗauki keken, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa. Ta bi su tana faɗa musu kada su kwantar da shi, mai zai zube. Suka kwashe yadin. Riguna sha ɗayan ya bar su a tabarma.

"Ki dafa ki ci," ya ce, ya shiga mota.

Telolin Funtuwa suka gama cikin kwana tara. Mutumin ofis ya zo ya ɗora samfur a kan kowace, ya sa hannu, aka yanka masa kaji. Ranar da aka buɗe makaranta Safara'u ta leƙa ta ƙofar zaure. Ƙananan sun yi kyau. Manyan kuwa, wasu sun ɗaura zane a kan riga, wasu an farke musu hamata, wata ta ɗoro tata a ka a ninke. Sha ɗayan nan, da ta bi gida-gida ta miƙa, suka wuce cikin nasu daidai jiki, Suwaibatu a gaba, rigarta har idon sawu.

Ta koma ciki ta share gurbin da keken ya bari, don ta tabbata yanzu da kowa ya gani, Kawu zai dawo da shi. Ta jira mako guda. Ta jira wata. Labarin da ya iso shi ne an ƙara masa kwangilar makarantun Pauwa da Sheme, saboda ya cika aiki a kan lokaci. Khadijatu ta gidan liman ta yi kwana uku a aji aka mayar da ita gida.

Daga baya mata suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya da 'yan rigunan Funtuwa a ƙunshe, a ƙara musu ƙyalle a gefe da ƙasa. Ba wadda ta ce mata ta yi daidai. Cewa suke, "Ke ma dai da taurin kai, da kin yi wa Alhaji abin da yake so." Sai su miƙa mata yarinya ta auna. Takan auna, ta farke, ta ƙara, hannun dama yana juya tsohon keke, na hagu shi kaɗai a kan ƙyalle.

Har yau in aka tambaye ta inda ta yi kuskure, takan yi tunani da gaske ta ce ba ta gano ba tukuna. Abin da ta rasa kuwa ta san shi sarai. Keken ƙafa yana Funtuwa a shagon wani. Kakar bana buhun dawa bai zo ba, Dada ta koma yi wa mutane surfe da shekarunta, kuma ta daina shigowa ɗakin ɗinki. Salla biyu ke nan Kawu bai taka gidan ba. Rigar da za ta gama kafin azahar a keken ƙafa, yanzu sai ta kai magariba, kafaɗarta ta dama kuma ba ta ƙara daina ciwo ba.