Na Daidaita Bindigar Kawu

Ni mai gyaran bindiga ne, kuma ina da wata jaraba: ban iya ganin abu a karkace in ƙyale shi ba. Ko hoto na gani a bangon gidan mutane ya ɗan jirkice, sai na tashi na daidaita shi hankalina ke kwanciya.

Kawuna, wan mahaifiyarmu, maharbi ne tun kafin a haife ni. Bindigarsa guda ɗaya ce tak, tsohuwa, mai cin harsashi ɗai-ɗai, katakon gindinta ya yi baƙi ƙirin don gumin hannu. Yayana, direban babbar mota da ke taɓa farauta ranar hutu, Harara-garke yake ce mata, don ba ta kai harsashi inda ta kalla.

Ranar da Kawu ya kawo ta shagona katakon ne ya tsage. Yaya na zaune a kan benci yana goge tasa sabuwa mai madubin hangen nesa.

"Kawu, don Allah ka yi wa tsohuwar nan ritaya," in ji Yaya. "A sa ta tokare ƙofa."

"Kai tafi can, ɗan banza," Kawu ya ce. "Taka ai ko makaho aka ba zai harba. Wannan kuwa a taku arba'in tana kauce wa hagu da tafin hannu biyu. Kullum biyu, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Sai in ɗora dama da abin da nake so, ita ta ƙarasa. Shekara talatin ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Bindigar da ka san halinta ita ake ajiyewa." Ya juyo kaina. "Kai kuma, katako kawai na ce."

Katako kawai na yi niyya, wallahi. Na manne shi, na ɗaure, na goge. Amma ɗan ƙarfen saitin da ke kan hancinta yana ta kallona a karkace, har raina ya ɓaci. Haba! Shekara talatin ana fama da abin da bugu biyu zai gyara? Na ɗauki ƙaramar guduma na ƙwanƙwasa shi ya zauna tsakiya. Na fita bayan shago na gwada a jikin gwangwani, ta buge shi cif. Har daɗi na ji. Na ce in Kawu ya zo zan gaya masa.

Da ya zo ba na nan, matata ce ta miƙa masa.

Washegari da safe wani manomi ya aiko cewa ƙaton aladen daji ya gama da gonarsa, har ya farke masa kare. Muka ɗunguma a motar Yaya, shi da Kawu a gaba, ni a baya da karnuka. Duk hanya maganar na cikin bakina. Na san Kawu na riƙe da bindigar da yake zaton ya sani, kuma duk harbin da zai yi dama zai ɗora. In mun sauka zan faɗa, haka na riƙa ce wa kaina. Gaskiyar ita ce bakinsa nake tsoro, don in ya fara zagi har kakanninka sai ya tono.

Ko gama tsayawa motar ba ta yi ba karnuka suka dira suka faɗa cikin ciyawar bakin rafi. Yaya ya bi su a guje. Kawu ya bi gefen tudu, ni ina biye da shi da gorar ruwa, ina cewa, "Kawu, tsaya ka ji," yana ɗaga mini hannu in yi shiru.

Sai muka ji harbin Yaya, muka ji ihun alade. A ciki ya same shi, mugun wuri. Ciyawa ta dare, dabbar ta fito da hanjinta na ja a ƙasa. Karen farko ta ɗaga shi sama da haure, ya faɗo cikinsa a buɗe yana shure-shure. Yaya ya kai ido madubi, amma abin ya riga ya yi kusa, ba ya ganin komai sai gashi. Kafin ya sauke, ta banke shi. Bindigarsa ta yi gefe. Ya faɗi a baya, aladen ya kafa kai a cinyarsa yana yaga, yana jijjiga shi. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake.

"Kawu! Kawu, harbe shi!" Yaya ke ihu.

Kawu ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ko rawa hannunsa bai yi ba. Tsakaninsu taku arba'in ne ko kusa da haka. Kan aladen na hagu, jikin Yaya na dama. Ina tsaye a bayansa na ga bakin bindigar ya sauka a kan kunnen dabbar, sannan ya ɗan zame dama a hankali, ya tsaya a kan rigar yayana.

"Kawu, na gya..."

Bindigar ta tashi.

Yaya ya yi wata irin zabura, ihunsa ya yanke. Aladen bai ko ɗago ba. Kawu ya tsaya baki buɗe. Ni na ruga, ban san lokacin da na isa ba. Na ɗauki bindigar Yaya daga ƙasa, na dafa bakinta a bayan kunnen dabbar na danna kunama. Jini da ƙwaƙwalwa suka fantsamo mini a fuska. Na ci gaba da dukan kanta da gindin bindigar har katakon ya karye a hannuna.

Muka janye mushen daga kansa. Cinyar ta yi kaca-kaca, amma ba ita ba ce. Ramin harsashin na ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ƙarami, jini na bulbulowa baƙi. Na cire rigata na danna. Ya kalle ni, leɓensa na motsi, ban ji me ya ce ba. Kafin mu kai shi mota ya cika a hannunmu.

Kawu ya zauna daɓas a ƙasa kusa da tayar motar. Yana ta juya hannayensa yana kallo.

"Na tsufa," ya ce. "Hannuna ya ci amanata. Na kashe ɗan ƙanwata."

Da na yi shiru, shi ke nan, har abada ba wanda zai sani. Na ji wannan tunanin ya zo mini, kuma na tsani kaina a kansa.

"Ba hannunka ba ne, Kawu. Ni ne. Na daidaita saitin."

Ya ɗauki bindigar ya duba hancinta. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙe ya kwaɗa mini gindinta a baki, haƙorana biyu suka zube. Na faɗi, ya taka mini wuya, ya ɗaga zai ƙara. Ban kare ba, so nake ya ƙara. Sai ya sauke hannu, yana haki, hawaye na bin gemunsa.

"Tashi," ya ce. "Wanke bakinka. In an tambaya, aladen ne ya buge ka."

"Kawu, zan gaya wa Mama da kaina."

Ya shaƙo ni ya jawo fuskata kusa da tasa.

"Ba za ka gaya mata ba. 'Ya'ya biyu gare ta. In ta ji, ba za ta ƙara iya kallon fuskarka ba, ka ga ta rasa duka ke nan. Ni na harba, ni za ta tsana. Kama ƙafafunsa mu sa shi a mota."