Wuta Uku a Gidan Saja Ezekiel

Hamdiyya ta yar da ludayin zoɓo, ta fizgo Bilki ta wuyan riga tun kafin ta san abin da ya faru. Kuka ya ɓalle wa yarinyar. Ɗazun nan hannunta ɗaya yana kan firiza, ɗayan yana riƙe da kan famfo, ƙafafunta ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Umma, firiza ya cije ni!"

Hamdiyya ta duba 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, babu ƙuna. Ta goya ta, ta gyara silifas ɗinta na roba, ta kai bayan hannu jikin firizan. Shiru. Ta taɓa famfon, shi ma shiru. Da ta haɗa su biyun sai ta ji abu ya tsarga mata har gwiwar hannu.

Ranar Litinin ce, da hantsi. Mijinta Shamsu ya tafi Mahuta da motar dawa, sai Juma'a zai dawo. Masu solar da suka kafa musu faifai a kan kwano watan jiya kuwa, lambarsu ba ta shiga. Kuma a tsakar gidan nan babu inda Bilki mai shekara uku ba ta kai hannu.

"Maman Bilki! Mi ya samu ɗiyar?"

Muryar Baba Ezekiel ce, mai gidan da suke haya, daga ɗakinsa, ta dushe amma har yanzu da sauran umarni a cikinta. Tsohon soja ne, a sashen wayoyi ya yi aikinsa har ya kai saja, ya dawo Zuru ya gina gidan da hannunsa. Duk wata waya da ke jikin bangon nan shi ya ja ta. Wata uku ke nan ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, likita ya ce ya kwanta.

Lokacin da aka kawo Hamdiyya gidan tana amarya, shekara shida da suka wuce, duk Asabar ɗin rani takan gan shi ya ɗauki bokitin ruwa ya zagaya bayan ɗakuna, ya tsiyaye shi a gindin bango inda ko ciyawa babu. Ta ɗauka wata al'ada ce ta mutanen kan tudu, kunya ta hana ta tambaya har shekara ta zagayo. Ranar da ta tambaya, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya tone ƙasar da yatsa ya nuna mata kan wata sandar jan ƙarfe da ya binne cikin gawayi da gishiri tun ana ginin gidan. Ya ce duk wutar da ta ɓace hanya, ta sandar nan take bi ta shige ƙasa maimakon ta bi jikin mutum, amma ƙasar Zuru dutse ce, in ta bushe ba ta sha. A wancan lokacin yana iya hawa tsani da sukundireba a baki yana rera waƙar coci, Mama Saloma matarsa tana ƙasa tana yi masa faɗa.

Yanzu ma faɗan take yi.

"Saja, ba inda za ka. Ka ji abin da likita ya ce."

"Likita ya san zuciya, bai san waya ba. Ku ɗauko kujera."

Su biyu suka tallafo shi har tsakar gida, suka zaunar da shi a inuwar mangwaro. Ya daɗe yana haki kafin ya iya magana. Ya sa Hamdiyya ta kashe komai, ta NEPA da ta sola, ta kuma zare wayar janareto. Sannan ya ce ta bi wayar nan mai kore da rawaya da ta fito daga injin solar, ta ga inda ta ƙare.

A ƙofar gida ta same ta, ɗaure da wani guntun ƙarfe da aka kafa cikin tsakuwa. Da ta girgiza shi sai ya fito a hannunta, bai kai tsawon muciya ba.

Baba Ezekiel ya juya shi yana kallo, ya yi tsaki.

"Ina kwance suka yi wanga aiki. Sun ba firizanki ƙasa tasa daban, famfo kuma yana kan tawa. Ƙasa biyu a gida ɗaya, ba su san juna ba. To wutar da ta zubo daga injin, ta ina za ta bi? Ta bi ta ɗiyarki."

Hamdiyya ta ƙara tamke goyonta.

"Baba, ko in bar komai a kashe har Shamsu ya dawo?"

"Shamsu? Wanda ya ɗaure fis ɗin wuta da zaren buhu?" Mama Saloma ta tuntsire da dariya duk da fushinta. "Ke za ki yi. Hannun da ke murɗe bakin ledar ƙanƙara ɗari a yini ba zai kasa noti ba. Saloma, akwatina."

Tsohon akwatin ƙarfe ne na soja, fentinsa ya koɗe. A ciki akwai nannaɗaɗɗiyar waya mai kauri, da filaya, da sifana, da mitar gwajin wuta a cikin safa. Mama Saloma ta karɓi Bilki. Hamdiyya ta ɗaure zani da kyau, ta ja wayar daga injin solar, ta bi gindin bango da ita har bayan ɗakuna. Ta tone kan tsohuwar sandar, ta kankare tsatsa har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Ƙasar wurin ta bushe ƙamas, tun da ya kwanta ba wanda ya tuna da ita. Bokiti huɗu ta juye.

Daga kujera yake ba da umarni, ba ya ma ganin ta.

"Kin ɗaure?"

"Na ɗaure, Baba."

"Ƙara. Sai kin ji hannunki ya yi zafi. In kin gama ki kai reshe jikin janareto. Ta gwamnati, ta inji, ta rana, duk su ukun wuri ɗaya za su sauka."

Sai bayan azahar suka kunna wuta. Ya sa ta ɗora bakin mitar ɗaya a firiza, ɗaya a famfo. Allurar ba ta motsa ba. Hamdiyya ta miƙa hannu za ta gwada, ya daka mata tsawa.

"Mai goyo ba ta gwaji. Ku matso da ni."

Suka ja kujerar. Ya cire takalmi, ya sauke kumburarrun ƙafafunsa a kan simintin, ya ɗora tafi ɗaya a kan firiza, ya kama famfo da ɗayan. Ya tsaya haka, idonsa a rufe.

"Sanyi kawai," ya ce. "Amma injin nan yana yoyo, a kira mai gyara ya duba shi. Yanzu a ba ni zoɓo, ban da sukari, kada Saloma ta kai ƙarata."

Ranar Alhamis da safe, Hamdiyya tana shanya sai ta ji Mama Saloma tana kiran "Saja, Saja" a hankali, kamar mai tashin wanda ya makara. Kiran ya yi ta raguwa har ya tsaya. Hamdiyya ta ajiye rigar da ke hannunta cikin bokiti, ta shiga.

A Manga, ƙauyensu, za a binne Baba Ezekiel, amma ranar Asabar da la'asar aka yi taron waƙoƙi a gidan. Aka kafa rumfa, aka yayyafa wa tsakar gida ruwa, tsofaffin sojoji suka jeru da hulunansu, yaran unguwa suna ta tsere ba takalmi. Wani mai suna Michael ya kawo babban janareto da lasifika, ya dire shi kusa da famfo, ya kama igiya zai tayar.

"Malam, dakata," in ji Hamdiyya. "Ina wayar ƙasarsa?"

"Hajiya, awa biyu ne fa kawai. Haka muke yi ko'ina."

"Ban da gidan nan. Dubi ƙafafun yaran can."

Ya waiwayi Shamsu yana neman ceto. Shamsu ya ɗaga kafaɗa.

"Ni dai an ce da zaren buhu nake aiki. Bi abin da ta ce."

Ta durƙusa da kayanta na fita, ta kankare fenti a ƙafar janareton, ta ɗaura reshen wayar, ta murɗa notin har tafinta ya yi zafi. Sannan ta miƙe ta ce ya tayar.

Mata suka ɗauki waƙa da yarensu na C'lela. Hamdiyya ba ta jin kalmomin, amma ta san muryar waƙar, ita ce wadda Baba Ezekiel yake rerawa a kan tsani. Ta zauna a gefen tabarmar Mama Saloma, Bilki ta hau cinyarta, ba a jima ba barci ya kwashe ta. Tsohuwar ba ta daina waƙar ba. Ta jawo hannun Hamdiyya ta ɗora a gwiwarta, ta kama gefen zaninta tana goge mata baƙin mai daga yatsu, ɗaya bayan ɗaya.