Tulu a Kan Makaɗi

Tulu na biyu ya suɓuto ya tarwatse, ruwa ya jiƙa Isyaku tun daga ƙeya har dunduniya. Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinsa, ko ɗago kai ba ta yi ba daga yumɓun da take murzawa.

"Ɗauko wani a bayan ɗaki," ta ce. "Ni nake gina su, ba sa ƙarewa."

Shekara ashirin ke nan Isyaku yana yi wa mahautan Wudil kiɗan kalangu. Bana kafaɗarsa ta hagu ta soma yi masa gardama, da ya ɗan jima yana matsa kalangun sai hannun ya mutu murus. Ya sha allura a asibiti, wanzami ya yi masa ƙaho, duk a banza. Ga kuɗi sun shigo gari, kowane mahauci ya rataya rediyo mai kaset a rumfarsa, har ana cewa shi kaset ba ya gajiya. Sarkin Pawa Maikano kuwa bai ɓoye masa ba: in ranar Juma'ar kasuwa ya sake ajiye kalangu kafin a tafi masallaci, to sai a haƙura da juna.

Gwaggo sau ɗaya ta kalle shi yana kiɗa ta gano abin.

"Kafaɗarka lafiya lau take, ɗan nan. Ladabi ne ya yi maka yawa. Kana kiɗa kana rusunawa, wuya a gaba, kafaɗa a kunne, kamar kazar da ruwa ya doka. Ni da na yi shekara arba'in ina kai tukwane kasuwa a ka, ka taɓa jin na ce wayyo bayana?"

Shi ne kullum da hantsi yake zuwa gidanta, ta ɗora masa tulu cike da ruwa, ta ce ya yi kiɗa yana zagaya tsakar gida. Ƙato da gemunsa! Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya fi tsoron kaset.

"Saki haƙoranka. Wa ya ce ka riƙe numfashi? Gwiwar hannu ce ke matsa kalangu, bar kafaɗa ta yi barcinta."

"Gwaggo, in manya suka zo fa? Haka zan tsaya musu ƙiƙam?"

"Ka durƙusa da gwiwa ka gaishe su, sannan ka tashi. Kai tun da ka durƙusa kana saurayi ba ka tashi ba."

A kwana na shida tulun ya zauna. Isyaku ya ji iska na sauka har cikinsa, ya ji wani daɗi da ya manta da irinsa.

Ranar Juma'a ya shiga layin mahauta tun ana rataye nama. Ya yi taken Ya'u mai tsire, ya yi na Halliru mahauci, ya sake zagayowa. Rana ta take, ƙuda ya cika rumfuna, hannun Isyaku kuwa lafiya lau. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa kashe rediyo.

Ana shirin tafiya masallaci sai ga Sarkin Pawa. Ya wuce shi, ya dawo, ya tambayi Halliru, "Wannan baƙon makaɗin daga ina? Ina Isyakun?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Isyaku ya durƙusa ya yi gaisuwa, "Ranka ya daɗe, ni ne." Bayansa ya so ya tsaya a nan inda ya saba. Ya ja numfashi, ya miƙe har ƙarshe.

Maikano ya ɗaga kai yana dubansa, hularsa na neman zamewa.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara ashirin kana yi mini kiɗa, ban san ka fi ni tsawo ba. To, ci gaba mana, wa ya ce ka tsaya?"