Iya Ta Raka Surukarta Kwamin Ruwan Ɗumi

Ciwon ya daɗe yana bin Mai Kitso. Yau kafaɗa, gobe kwankwaso, ta kwana ta tashi kamar an yi mata duka. Likita ya ce sunansa faibromayaljiya, ya tura ta ɗakin motsa jiki na asibiti, inda ake da kwamin ruwan ɗumi na mata.

Iya, uwar mijinta, ba ta taɓa yarda ciwo ne ba, tunda gwajin jini bai nuna komai ba. Ta ce sai ta raka ta, ta ga maganin da ake yi da wanka.

Ɗakin cike yake da tururi da surutun mata. Iya ta zauna a benci, ta rungume jaka, ta tsuke baki. Mai Kitso ta kama ƙarfen gefe ta sauka a hankali. Da ruwan ya kai mata ƙirji, sai ta ji nauyin jikinta ya ragu. Ma'aikaciyar da ke koya musu ta ce su taka sannu, su buɗe hannu, wadda ta gaji ta huta. Can sai ga hannun Mai Kitso sama da kanta, abin da ta manta rabonta da yi.

"Iya, duba!" ta ce, dariya ta ƙwace mata.

Iya ba ta ji ba. Wata malamar makaranta mai irin ciwon da ke hutawa a bakin kwamin tana ba ta labarin yadda alli ke gagararta riƙewa, a gida kuma a ce lalaci ne. Iya ta juyo ta dubi surukarta.

Kafin a tashi Iya ta miƙe tana gyara wa kowa tsayuwa, har da ma'aikaciyar. Matan suka ce mai ba da umarni daga tudu sai ta biya tara, wato ta shiga ruwa. Ta cire takalmi tana mita, ta tsoma ƙafa.

Ciwon bai tafi ba, amma Mai Kitso ta fito jikinta sakayau. Ta sa kaya ta dawo, ta tarar da Iya a ruwa har gwiwa.

"'Yar nan, je ki zauna ki huta," in ji Iya. "Ni ban gama ba tukuna."